Daga Nehru zuwa Modi: Yaushe Majalisar Indiya ke da haƙora, yaushe take zama 'yar amshin shata?

A watan Janairun 1966, cikin mako guda, ƙasashe biyu da suka gaji salon mulki iri ɗaya daga Turawan Ingila suka rasa firaministocinsu. Ranar 11 ga wata Lal Bahadur Shastri na Indiya ya rasu a birnin Tashkent, sa'o'i kaɗan bayan ya sa hannu kan yarjejeniyar sulhu da Pakistan. Ranar 15 ga wata sojoji suka yi juyin mulki a Najeriya, suka kashe Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna da wasu manyan ƙasa. A Legas mulki ya koma bariki. A Delhi kuwa, ranar 19 ga wata 'yan majalisar jam'iyyar Congress suka taru a zaure guda suka kaɗa ƙuri'a. Indira Gandhi ta samu 355, Morarji Desai ya samu 169. Bayan kwana biyar aka rantsar da ita, ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Duk lokacin da aka tayar da zancen komawa tsarin firaminista a Najeriya, kamar yadda wasu 'yan majalisar wakilai suka yi a farkon 2024, Indiya ce hujjar da ake fara kawowa. Ana cewa ga ƙasa mai harsuna da addinai barkatai, mai talakawa fiye da ƙima, amma ta riƙe tsarin sama da shekara 70 ba juyin mulki. Wannan gaskiya ne, ina kuma girmama shi ƙwarai. Sai dai wanda ya bi tarihin daki-daki zai ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Majalisar Indiya tana da ƙarfi ne a lokacin da firaminista ke buƙatarta. Ranar da jam'iyya ɗaya ta yi rinjaye mai yawa, kuma jam'iyyar ta zama mallakar mutum ɗaya, majalisar nan ba ta iya tare ko akuya. Sau biyu aka ga haka ƙarara, kuma a duka biyun ceton daga waje ya zo, daga masu ƙuri'a.

Bari mu fara da yadda injin yake aiki. Ba Ba'indiyen da ke zaɓen firaminista kai tsaye. Kowa yana zaɓen wakilin mazaɓarsa ne zuwa majalisar wakilai, wadda suke kira Lok Sabha, mai kujeru 543. Wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ya ci, ko da bai kai rabi ba. Duk wanda ya iya tara wakilai 272 a bayansa shi ne firaminista, kuma ranar da suka janye, ranar ya sauka, ko da jiya aka rantsar da shi. Akwai majalisa ta biyu, Rajya Sabha, wadda galibin mambobinta majalisun jihohi ne ke zaɓensu. Akwai shugaban ƙasa, amma kusan duk abin da yake yi da shawarar majalisar ministoci yake yi. Jihohi ma haka suke, kowacce da majalisarta da babban ministanta.

Waɗanda suka rubuta kundin tsarin mulkin sun san akwai salon Amurka, sun duba shi, suka ajiye. B.R. Ambedkar, wanda ya shugabanci kwamitin rubuta daftarin, ya bayyana dalilin a gaban majalisar tsara kundin a Nuwamban 1948. Abin da ya nuna shi ne salon shugaba mai cikakken iko ya fi kawo zaman gwamnati daram, amma salon majalisa ya fi sa gwamnati ta riƙa amsa tambaya kullum, ba sai bayan shekara huɗu ko biyar ba, kuma su na biyun suka zaɓa da gangan. Shi kansa Ambedkar ya fito ne daga cikin mutanen da al'adar Hindu ta ajiye a ƙasan kowa, waɗanda ake ƙyamar ko taɓa su. Mutumin da ya san zafin a hana shi shan ruwa a inda sauran yara ke sha a makaranta, ba mamaki ya fi damuwa da yadda za a tuhumi mai mulki. An amince da kundin ranar 26 ga Nuwamba 1949, ya fara aiki ranar 26 ga Janairu 1950.

Zaɓen farko, wanda aka yi daga Oktoban 1951 zuwa Fabrairun 1952, ya cancanci a tsaya a kansa. Masu ƙuri'a kimanin miliyan 173 ne, kuma mafi yawansu ba su iya karatu ba. Shugaban hukumar zaɓe, Sukumar Sen, ya sa aka ba kowace jam'iyya alama, aka kuma ƙera akwatunan ƙarfe sama da miliyan biyu. Idan mai ƙuri'a ya shiga ɗakin zaɓe, zai tarar da akwatuna a jere, kowane ɗan takara da nasa, an manna alamarsa a jiki. Ba dangwale, ba rubutu. Ka ɗauki takardarka ka jefa a akwatin da kake so. Alamar Congress a lokacin shanun huɗa ce, bijimai biyu da karkiya a wuya, abin da kowane manomi ya sani tun yana yaro. Wata matsalar da ta taso kuwa ba za ta ba Bahaushe mamaki ba. A ƙauyukan arewacin ƙasar mata da yawa sun ƙi faɗa wa masu rajista sunansu na yanka, sai dai a rubuta matar wane ko uwar wane. Sen ya ce ba za a karɓa ba, ƙuri'a ta mutum ce da sunansa. Aka soke sunayen mata kimanin miliyan 2.8. Hukuncin ya yi tsauri, amma a zaɓe na gaba mata suka zo da sunayensu. Wannan Sen ɗin shi aka gayyata ya shugabanci hukumar da ta gudanar da zaɓen Sudan na 1953.

Congress ta ci kujeru 364 cikin 489 da kusan kashi 45 cikin ɗari na ƙuri'u. A riƙe wannan lissafin, don zai sake dawowa: ƙasa da rabin jama'a na iya ba jam'iyya kashi uku cikin huɗu na majalisa. Jam'iyyar da ta zo ta biyu, ta 'yan kwaminisanci, kujeru 16 kawai ta samu.

To me ya hana firaminista na farko, Jawaharlal Nehru, zama ɗan kama-karya, alhali ba mai tare shi? Wani ɓangare halinsa ne. Yana zama a majalisa, yana sauraron suka, yana amsa tambayoyi. Amma babban dalilin shi ne ita kanta Congress ɗin kasuwa ce mai rumfuna da yawa. Akwai masu ra'ayin gurguzu a ciki, akwai attajirai, akwai masu kishin Hindu, akwai Musulmi, akwai manyan jihohi masu jama'arsu waɗanda ba Nehru ne ya yi su ba. Adawar gaske a cikin gida take. Sannan an yi wasu abubuwa biyu da nake ganin su ne ginshiƙin komai.

Na farko, an rage wa soja tsawo tun da wuri. A zamanin Turawa babban kwamandan askarawa shi ne mutum na biyu a ƙasar. Bayan 'yanci aka sa shi ƙarƙashin ministan tsaro farar hula, katafaren gidansa na Teen Murti ya zama gidan firaminista, a 1955 kuma aka soke muƙamin gaba ɗaya, sojan ƙasa da na ruwa da na sama kowa da shugabansa, ba wanda ke kan wani. Pakistan, wadda ta gaji ɓangaren rundunar nan ɗaya, ba ta yi haka ba. A 1958 Janar Ayub Khan ya karɓe mulki.

Na biyu, an yarda a ja iyakokin jihohi bisa harshe. Nehru bai so ba, domin raunin raba ƙasar da aka yi a 1947 bai warke ba, yana tsoron kowace ƙabila ta ce ita ma a ba ta nata. Sai wani mutum mai suna Potti Sriramulu ya shiga yajin cin abinci yana neman jiha ga masu harshen Telugu. Ya yi sama da kwana 50, ya rasu a Disamban 1952, gari ya hargitse. A 1953 aka ƙirƙiro jihar Andhra, a 1956 aka sake fasalin jihohi kusan duka bisa harshe. Da wa'adin daina amfani da Ingilishi a aikin gwamnati ya zo a 1965, mutanen Madras suka yi bore, suna cewa ba za a ɗora musu Hindi ba, har wasu suka cinna wa kansu wuta. Delhi ta ja da baya. Jam'iyyar DMK ta masu harshen Tamil, wadda a da take zancen ɓallewa, ta ci zaɓen jihar a 1967, ta koma neman haƙƙinta a cikin ƙasa. Tun daga ranar Congress ba ta sake mulkin jihar ba, wadda yanzu ake kira Tamil Nadu. Abin da aka ji tsoron zai wargaza ƙasar shi ya ɗaure ta, domin mutumin da ke mulkin gidansa da harshensa ba ya saurin cewa a raba gari.

Ba zan wanke zamanin Nehru tas ba. A 1957 mutanen Kerala suka zaɓi gwamnatin 'yan kwaminisanci, a 1959 Delhi ta rushe ta da sashe na 356 na kundin, wanda ya ba tarayya damar karɓe mulkin jiha. Shugabar Congress a lokacin Indira Gandhi ce. Wuƙar da aka zare ranar nan ta daɗe ba ta koma kube ba.

Dattawan jam'iyya da suka ɗora Indira a 1966 sun yi zaton za su juya ta yadda suke so. Wani ɗan adawa har laƙabin 'yar tsana marar magana ya yi mata. Ɗan hakin da suka raina shi ya tsone musu ido. A 1969 ta mayar da manyan bankuna 14 hannun gwamnati, ta raba jam'iyyar gida biyu, ta tafi da mafi yawan 'yan majalisa. A 1971 ta fita yaƙin neman zaɓe da taken a kori talauci, ta ci kujeru 352. A shekarar ta soke kuɗin da ake biyan tsofaffin sarakuna tun lokacin da suka miƙa ƙasashensu, ta kuma ci Pakistan da yaƙi, aka haifi Bangladesh. Farin jininta ya kai inda ba a taɓa gani ba. A nan ne kuma ɓarnar ta fara, a hankali, ba hayaniya. Aka daina zaɓen shugabannin jam'iyya. Babban ministan jiha ya zama wanda aka aiko daga Delhi. Ɗan majalisa ya gane cewa kujerarsa ba mutanen mazaɓarsa ne suka ba shi ba, hoton uwar ɗaki ne a kan fasta. Irin wannan ɗan majalisar, da wane baki zai tuhumi firaminista?

Ranar 12 ga Yuni 1975 mai shari'a Jagmohanlal Sinha na babbar kotun Allahabad ya soke zaɓen Indira na mazaɓar Rae Bareli, bisa ƙarar da abokin takararta Raj Narain ya shigar. Laifukan ba manya ba ne: ta yi amfani da ma'aikacin gwamnati a kamfe, jami'an jiha kuma sun kafa mata dandamali da lasifika. Amma doka ta ce a hana ta takara shekara shida. A salon majalisa irin na littafi, maganin mai sauƙi ne. Jam'iyya ta zauna ta zaɓi wani ya riƙe kujerar har a gama ɗaukaka ƙara. Ba a samu mai ƙarfin halin da zai tsaya a kan haka ba.

Daren 25 ga Yuni shugaban ƙasa Fakhruddin Ali Ahmed ya sa hannu a kan dokar ta-ɓaci. Ministoci ba su sani ba, sai da asuba aka kira su aka sanar da su. A cikin daren aka yanke wutar lantarkin titin da manyan gidajen jaridun Delhi suke, don kada a buga labari. Kafin gari ya waye 'yan sanda sun ɗauke Jayaprakash Narayan da Morarji Desai, sauran jagororin adawa irin su Vajpayee da Advani suka biyo baya. Jaridar Indian Express ta bar filin sharhinta fari fat, ba harafi ko ɗaya, kowa kuma ya gane abin da take nufi. A watanni 21 da suka biyo baya an tsare sama da mutum 100,000 ba shari'a. Ɗan Indira, Sanjay, wanda ba shi da kowane muƙami, ya zama mai faɗa a ji. Aka yi wa miliyoyin maza aikin hana haihuwa, da yawa bisa tilas, aka ɗora wa malaman makaranta da ƙananan ma'aikata adadin mutanen da za su kawo ko a riƙe albashinsu. A unguwar Turkman Gate ta tsohon birnin Delhi, inda Musulmi suka fi yawa, aka rushe gidaje da katafila, aka harbe waɗanda suka ƙi tashi.

Abin da ya fi damuna a wannan labarin shi ne komai bisa doka aka yi shi. Majalisa ba a rufe ta ba. Ita ce ta amince da dokar ta-ɓacin, ita ce ta gyara kundi cikin 'yan kwanaki ta ce kotu ba ta da hurumin duba zaɓen firaminista, ita ce ta ƙara wa kanta wa'adi. Kotun ƙoli ma ta durƙusa. A 1976, alƙalai huɗu cikin biyar suka yanke cewa wanda aka tsare a lokacin ta-ɓaci ba shi da damar zuwa kotu. Mai shari'a H.R. Khanna kaɗai ya ce bai yarda ba, ya kuwa biya farashi, domin da lokacin naɗa alƙalin alƙalai ya yi, tsallake shi aka yi.

A Janairun 1977 Indira ta kira zaɓe, da alama tana ganin za ta ci. Talakawan da aka ce ba su damu da 'yanci ba, cikinsu kawai suka sani, su suka ba da amsa. A Uttar Pradesh mai kujeru 85 da Bihar mai 54 a wancan lokacin, Congress ba ta samu ko ɗaya ba. Indira ta faɗi a Rae Bareli a hannun Raj Narain ɗin nan dai, Sanjay ya faɗi a Amethi. Ta sauka ba gardama, wannan kuma dole a rubuta mata shi. Gwamnatin Janata, jam'iyyar haɗakar 'yan adawa, da ta hau ta gyara kundin a 1978: ba a sake kafa ta-ɓaci don rikicin cikin gida sai in tawaye ne da makami, kuma sai majalisar ministoci ta ba shugaban ƙasa shawarar a rubuce. Bayan wannan ba ta tsinana abin kirki ba. Ƙiyayyar mutum ɗaya ce ta haɗa su, da ta kau sai suka koma cin naman juna, gwamnatin ta rushe a 1979, Indira ta dawo a 1980. Masu tsaron lafiyarta 'yan Sikh suka harbe ta ranar 31 ga Oktoba 1984, watanni bayan ta tura soja cikin wurin ibadarsu mafi tsarki a Amritsar. Aka yi wa 'yan Sikh kisan gilla a Delhi, kusan mutum 3,000, ɗanta Rajiv kuma ya ci sama da kujeru 400 a zaɓen da ya biyo baya. BJP, jam'iyyar masu kishin Hindu, kujeru biyu ta samu.

Rajiv ya yi wata doka a 1985 da ta sauya ɗabi'ar majalisar har yau, wato dokar hana sauya sheƙa. Cutar da aka so a magance ta gaske ce. Tun 1967 wani ɗan majalisar jihar Haryana mai suna Gaya Lal ya yi ta tsalle tsakanin jam'iyyu cikin 'yan kwanaki har sunansa ya zama karin magana a ƙasar. Sabuwar dokar ta ce wanda ya bar jam'iyyarsa ya bar kujerarsa. Ta ƙara da cewa wanda ya kaɗa ƙuri'a saɓanin umarnin jam'iyya ma zai iya rasa ta. A nan aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Ɗan majalisar da ba zai iya saɓa wa shugabansa ba ko a kan abin da ya shafi mazaɓarsa, ya zama lamba kawai a lissafi. Cinikin kuma bai tsaya ba, ya tashi daga sayen ɗai-ɗai ya koma sari. Yanzu kwasar 'yan majalisar jiha ake yi a bas ko jirgi a ɓoye su a otal, a karɓe wayoyinsu, har sai sun yi murabus tare ko sun kai kashi biyu cikin uku. Da irin wannan dabara gwamnatin Karnataka ta faɗi a 2019, ta Madhya Pradesh a 2020, ta Maharashtra a 2022.

Daga 1989 zuwa 2014 ba jam'iyyar da ta samu 272 ita kaɗai. Wannan zamanin gwamnatocin haɗaka ana yawan zaginsa, kuma akwai abin zagi. An yi babban zaɓe sau biyar tsakanin 1989 da 1999. A 1996 Atal Bihari Vajpayee ya yi kwana 13 a kan mulki. Ranar 17 ga Afrilu 1999, bayan Jayalalithaa ta Tamil Nadu ta janye wakilanta, gwamnatinsa ta biyu ta nemi amincewar majalisa. Da aka gama lissafi, 269 suna tare da shi, 270 ba sa tare da shi. Cikin waɗanda suka kada shi har da Giridhar Gamang, wanda ya riga ya zama babban ministan jihar Odisha amma bai ajiye kujerarsa ta Delhi ba, ya zo ya jefa tasa. Ƙuri'a ɗaya ta tura ƙasa mai mutum kusan biliyan guda zuwa sabon zaɓe.

Duk da haka, in aka tambaye ni, a waɗannan shekarun ne tsarin ya yi aiki kusa da yadda Ambedkar ya zana shi. Gwamnatin Narasimha Rao, wadda ta hau ba ta da rinjaye, ita ce ta buɗe tattalin arziki a 1991 tare da ministan kuɗinta Manmohan Singh, a lokacin da ƙasar ta kai ga jinginar da zinarenta don ta samu kuɗin waje. Gwamnatin V.P. Singh ta ware kashi 27 cikin ɗari na ayyukan tarayya ga al'ummomin da aka bari a baya, abin da ya fito da sababbin jagorori daga gidajen makiyaya da manoma. Hukumar zaɓe ta yi haƙora a hannun T.N. Seshan. A 1994 kotun ƙoli ta yanke a shari'ar Bommai cewa a zauren majalisar jiha ake gwada ko gwamnati na da rinjaye, ba a ofishin gwamna ba, abin da ya dakushe wuƙar sashe na 356. A 2005 aka yi dokar 'yancin samun bayanai da dokar da ta ba kowane gida na karkara haƙƙin aikin kwana 100 a shekara. Shi kansa Vajpayee, don ya riƙe abokan haɗakarsa, dole ya ajiye manyan buƙatun BJP uku a gefe: gina wurin bauta a Ayodhya, soke matsayin Kashmir na musamman, da dokar aure da gado ta bai-ɗaya.

Sai dai haɗaka ba ta kare kowa ba. Ranar 6 ga Disamba 1992 gungun masu tsattsauran ra'ayin Hindu suka rushe masallacin Babri da ke Ayodhya jami'an tsaro na kallo, kimanin mutum 2,000 suka mutu a rikicin da ya biyo baya. A 2002 aka kashe sama da mutum 1,000 a Gujarat, akasarinsu Musulmi, lokacin Narendra Modi na babban ministan jihar. Wa'adin Manmohan Singh na biyu a kujerar firaminista kuma ya nutse a zarge-zargen rashawa kan lasisin sadarwa da filayen kwal. Jama'a sun gaji, suna neman mutum ɗaya mai tsawa.

A 2014 BJP ta ci kujeru 282 da kashi 31 cikin ɗari na ƙuri'u, Modi ya zama firaminista, lissafin nan na 1952 ya juyo kan Congress, wadda ta tashi da 44. A 2019 BJP ta kai 303. Ba a kafa dokar ta-ɓaci ba, ba a daina zaɓe ba, kuma farin jinin Modi na gaske ne, ba na haya ba. Amma dubi abin da ya samu majalisar. Daren 8 ga Nuwamba 2016 aka soke takardun kuɗi na rupee 500 da 1,000, kusan kashi 86 cikin ɗari na kuɗin da ke hannun jama'a, ta jawabin talabijin. Wanda ya sha layin banki a Najeriya a farkon 2023 ya san me wannan ke nufi ga mai sayar da kayan miya. A Agustan 2019 aka soke matsayin Kashmir, aka raba jihar biyu, cikin kwana biyu, jagororin yankin na tsare, intanet a katse. A Disamban shekarar aka yi dokar zama ɗan ƙasa da ta buɗe ƙofa ga baƙi daga ƙasashe uku maƙwabta amma ta tsame Musulmi. A Satumban 2020 aka zartar da dokokin noma a Rajya Sabha da ƙuri'ar murya, 'yan adawa na ihun a ƙirga, aka ƙi. Manoman Punjab da Haryana suka jera taraktocinsu a mashigar Delhi, suka yi sanyi da zafi da damina a kan titi shekara guda, sannan Modi ya janye dokokin. Janyewar ma ba muhawara aka yi ta. Kujerar mataimakin kakakin majalisa, wadda bisa al'ada ake ba 'yan adawa, ta zauna fanko shekara biyar. A Disamban 2023 aka dakatar da 'yan majalisa 146, aka zartar da sababbin dokokin manyan laifuka kujerun adawa kusan babu kowa.

Aka shiga zaɓen 2024 da kirarin za a haura kujeru 400, watanni kaɗan bayan Modi ya buɗe wurin bautar Ram a filin da masallacin Babri yake. Masu rajista sun kusa miliyan 970, aka yi zaɓen zango bakwai. Ranar 4 ga Yuni BJP ta tsaya a 240. Mazaɓar Faizabad, wadda Ayodhya ke cikinta, ta kuɓuce mata, ta tafi hannun Awadhesh Prasad na jam'iyyar Samajwadi, ɗan al'ummar da Ambedkar ya fito. Modi ya yi wa'adi na uku, amma da kafaɗar jagororin jam'iyyun jihohi biyu, Chandrababu Naidu mai kujeru 16 da Nitish Kumar mai 12. Congress ta samu 99, majalisa ta sake samun jagoran adawa a hukumance bayan shekara goma babu. Kada dai a yi saurin guɗa. Dokar waƙafi da Musulmi suka yi ta kuka a kanta an tura ta kwamiti a 2024, abin da da wuya a yi a baya, amma a Afrilun 2025 ta wuce. Musulmi kusan kashi 14 cikin ɗari ne na jama'ar ƙasar, wakilansu a Lok Sabha 24 ne cikin 543, kuma babu ko ɗaya a ministocin da aka rantsar a Yunin 2024.

Rigimar da ke tafe ta ƙidaya ce, wadda mu ma mun san ɗacinta tun 1962. Rabon kujeru tsakanin jihohin Indiya har yanzu bisa ƙidayar 1971 yake. An daskarar da shi a 1976, aka ƙara wa'adin a 2001 zuwa ƙidayar farko bayan 2026, don kada jihohin da suka rage haihuwa su yi asara. Jihohin kudu sun rage, sun kuma fi arziki da biyan haraji. Jihohin arewa masu harshen Hindi, inda BJP ta fi ƙarfi, sun ninka. Idan aka sake rabo bisa yawan jama'a na yau, Uttar Pradesh mai kujeru 80 da Bihar mai 40 za su ƙaru sosai, kason Tamil Nadu mai 39 da Kerala mai 20 zai ragu. In kuma aka bar shi yadda yake, ƙuri'ar ɗan Bihar ba ta kai ta ɗan Kerala nauyi ba. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. A Maris na 2025 babban ministan Tamil Nadu, M.K. Stalin, ya tara takwarorinsa a Chennai suka nemi a ƙara ɗage rabon. Sabon zauren Lok Sabha da aka buɗe a Delhi a 2023 kuwa, an gina shi ne da mazaunin mutum 888.